Gida Arba'in

Duk wanda aiki ya ɗauke shi daga garinsu zuwa wani gari, tambayoyi uku ne ke tsaya masa a rai kafin ya kama haya: akwai ruwa, akwai wuta, makarantar yara tana kusa? A birnin Sakkwato inda na tashi, da wannan ma'auni ake auna unguwa. Mai neman gida a Mabera zai tambayi yadda ruwan damina ke kwanciya a lungu, mai nema a Arkilla ko Runjin Sambo kuwa zai lissafa kuɗin abin hawa zuwa wurin aikinsa. Amma a gabashin jihar, a ƙasar Gobir da ta haɗa Sabon Birni da Isa, akwai wata tambaya da ke gaban waɗannan duka, wadda ba a cika furta ta da ƙarfi ba: idan dare ya raba, wa ke kusa da iyalina?

A ƙarshen shekarar 2024 wannan tambaya ta zama tawa. Na kammala digirina na farko a fannin koyar da ilimin halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi bautar ƙasa, na kuma share fiye da shekara ina yawon kai takardu. Da Allah ya kawo aikin, sai ya zo da sunan wata makarantar sakandare a yankin Unguwar Lalle, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ina da shekara 25, da mata, da 'ya mace da ba ta cika shekara biyu ba. Da na kai wa mahaifiyata labari, ta yi hamdala, sannan ta ce, “Aiki arziki na, ba a korar shi. Amma ɗiyar mutane da jikata, ina za ka aje su?”

Ba wanda zai ga laifin tambayarta. A ranar 27 ga Mayu, 2020, 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Disambar 2021 an ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Watanni kaɗan kafin takardata ta fito, a Yulin 2024, aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana kan hanyar komawa gida daga Sakkwato, aka kuma kashe shi a watan Agusta. Hanyar da aka ɗauke sarki ita ce hanyar da malamin makaranta zai riƙa bi.

Zaɓi uku ne a gabana. Na farko, in bar iyali a Sakkwato in riƙa zuwa duk ƙarshen mako, kamar yadda ma'aikata da yawa ke yi. Na biyu, in zaunar da su a Sabon Birni, hedikwatar ƙaramar hukuma, in riƙa zirga-zirga kullum. Na uku, mu tare gaba ɗaya a Unguwar Lalle. A ido, na farko ya fi kama da hikima. Sai dai da muka zauna da maiɗakina muka yi lissafi, muka ga cewa a wannan yanki hanya ta fi gari haɗari. Mai zuwa gida duk mako zai ratsa Achida da Goronyo da dajin da ke gaba sau biyu a mako, kusan sau 80 a shekarar karatu guda. Mai kwana Sabon Birni kuwa safe da yamma yana kan titi. Ta ce, “Malam, in ka bar ni nan, duk Juma'a da Lahadi raina yana bisa hanya. Ka tuna lokacin da aka rufe layukan waya a 2021, mutane suka yi makonni ba su ji ɗuriyar 'yan'uwansu ba. Gara mu zauna wuri ɗaya, abin da ya same ka in gani da idona.” Maganarta ce ta yanke shawarar gari. Saura shawarar unguwa, wadda ta fi wuya.

Na tafi ni kaɗai na yi mako biyu ina kwana a ɗakin wani abokin aiki. Cikin kwana uku aka nuna mini gidaje biyu. Na farko yana bakin gari, ginin bulo da siminti, ɗaki biyu da falo, da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, kuɗin hayarsa kuwa bai kai rabin abin da ake biyan irinsa a Sakkwato ba. Na biyu sashe ne a cikin wani tsohon gidan ƙasa a tsakiyar gari, ɗaki ciki da rumfa, makewayi ɗaya da madafi ɗaya, sai an ratsa zaure biyu kafin a kai gare shi. Wata dattijuwa ce ke zaune a ɗaya sashen tare da jikokinta.

Wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda muke haɗuwa a masallaci, ya ji ina yaba gidan siminti. Bai kushe shi ba. Tambayata kawai ya yi, “Malam, gida kaka nema ko wurin zama?” Sannan ya tuna mini abin da muka karanta tun muna yara, cewa wasu malamai sun kai iyakar maƙwabtaka har gida arba'in ta kowace fuska. Ya ce tun da haƙƙin gida arba'in zai hau kaina ranar da na tare, ya kamata in san su kafin in biya ko kwabo. Matambayi ba ya ɓata. Na ɗauki shawararsa a zahirinta, na shiga zagaya unguwannin biyu da ƙafa, ina ƙirga ƙofofi.

A bakin gari, ban kai gida goma sha biyar ba na ƙure gine-gine, sai gonakin gero. Daga cikin waɗannan, da yawa a kulle suke, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Masu su sun koma cikin gari ko sun yi gaba. Nan na gane dalilin arhar. Katangar da ta burge ni tana iya tsare ɓarawon akuya, amma ita ce kuma za ta hana a ji ihun mace idan ta nemi taimako.

A tsakiyar gari kuwa arba'in ɗin sun cika har sun yi saura, kuma na koyi duba abubuwan da dillali ba ya ambata. Na duba lokacin da yara ke watsewa daga dandali, domin iyaye sun fi kowa sanin sa'ar da unguwarsu ke daina zama amintacciya. Na ga ana kunna wutar makarantar allo bayan magariba, almajirai da 'yan unguwa suna karatu har isha'i. Na duba inda ake ɗebo ruwa, na tarar rijiyar burtsatse tana tsakiyar gidaje, ba sai yarinya ta fita bayan gari da tulu ba. Na tambayi inda ungozoma take, da gidan ma'aikacin lafiya mafi kusa, da wanda ke da abin hawa kuma yake amsa sallama da dare. Na duba bangon gidaje don ganin iyakar inda ruwan damina ya taɓa kaiwa, tun da yankin yana cikin kwarin gulbin Rima. Na zauna a majalisar dattawa da ta samari, na saurari abin da ake taɗi a kai, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma abin da 'yata za ta fara ji a ƙofar gida shi za ta fara maimaitawa.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina ban shirya nemansa ba. A gidaje da dama na ga an kafa bukkar kara ko an rataya tabarma an raba zaure biyu. Da na tambaya, aka ce mutanen ƙauyukan kewaye ne da aka tasa, suka zo ba su da komai sai kayan jikinsu. Wasu 'yan'uwansu sun tsallaka Nijar, inda aka tsugunar da dubban 'yan gudun hijira a jihar Maraɗi, a wurare irin su Garin Kaka da Chadakori. Waɗanda suka tsaya kuwa, unguwa ce ta rarraba su a tsakaninta, wannan gida ya ɗauki mace da 'ya'yanta, wancan ya ɗauki tsoho. Ba wanda ya karɓi haya a hannunsu. Na ce a raina, mutanen da suka buɗe zaurensu ga baƙon da ba shi da abin biya, ba za su rufe ƙofa ga matar malamin 'ya'yansu ba. Yadda unguwa ke riƙe wanda ba ta tsammanin komai daga gare shi, shi ne sahihin labarinta.

Wannan hali yana da tushe. Tarihin Gobirawa cike yake da tashi da sake zama. Sun zauna Birnin Lalle da ke cikin Nijar ta yau, suka gangaro kudu har Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a ƙarni na 18, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, wanda kufansa ke cikin wannan ƙaramar hukuma. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Al'ummar da kakanninta suka sha ɗaure kaya suna neman inda za su sauke, ta san cewa mai masauki na yau yana iya zama baƙon gobe.

Ashe yayin da nake auna unguwa, ita ma tana auna ni. A wurin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka jawo asarar rayuka, baƙon da ke yawo yana ƙirga ƙofofi ba abin a ƙyale ba ne. Rana ta shida aka ce mai unguwa yana nemana. Na tuɓe takalmi na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, “Wa yas san ka garin ga?” Na ce, “Ranka ya daɗe, shugaban makarantarmu da Malam tsohon hedimasta.” Ya aika aka kira su. Ya tambayi sunan mahaifina da unguwarmu a Sakkwato, ya duba takardar kama aikina, ya sa aka rubuta. Ban ji zafin wannan bincike ba ko kaɗan. Hasali ma shi ya ƙarasa kwantar mini da hankali, domin unguwar da ta tsare ni da tambaya haka za ta tsare duk wanda ya zo bayana. A gidan bakin gari, ba wanda ya nemi sanin komai game da ni sai ranar da zan kawo kuɗi.

Muka tare a gidan ƙasa a farkon 2025. Ba zan ce babu takura ba. Maiɗakina da ta saba da famfo da wutar lantarki ta koma tanadin ruwa a randa da cajin waya da ɗan faifan sola. Sirri ya yi ƙaranci, domin duk abin da aka dafa sai an san shi a gida uku. Ni ma an sa ni cikin masu ba da gudummawar 'yan sintiri, kuma da yamma zaurenmu ya zama ajin ƙarin darasi ga yaran unguwa, har da 'ya'yan masu gudun hijira, ba tare da na sa wa kowa farashi ba. Wanda ya zaɓi gida arba'in, su ma sun sami haƙƙi a kansa.

A watan Agusta, tsakiyar damina, aka tura ni wani taron horarwa na kwana uku a Sakkwato. A dare na biyu zazzaɓin cizon sauro ya rufe 'yarmu har ta fara shiɗewa. Ƙarfe ɗaya ta wuce, lokacin da ba mai fita waje sai da dalili mai ƙarfi. Maiɗakina ba ta ma kai ga buɗe ƙofa ba, dattijuwar nan, wadda muke kira Inna, ta ji kukanta ta bango ta shigo. Ta karɓi yarinyar ta kwantar da ita ta gefe, ta tura jikanta ya ƙwanƙwasa wa ma'aikacin lafiya da ke gida na biyar daga namu, 'yan sintiri biyu suka rako shi da fitila. Kafin asuba an yi mata allura, jiki ya sauka, da gari ya waye aka kai ta asibiti. Ni ban ji labari ba sai da hantsi. Da na kira ina rawar murya, Inna ta karɓi wayar ta ce, “Malam, kwantar da hankalinka ka ƙare abin da ya kai ka. Ɗiya ta kowa ta.”

Ba na da'awar cewa na samo wa iyalina wurin da babu tsoro. A ƙasar Gobir ta yau babu unguwar da za ta ba mutum wannan tabbaci, kuma akwai dararen da muke kwana da takalma a kusa, muna sauraren ko ƙarar da muka ji ta babur ce ko ta iska. Tsaron rayuka nauyi ne na hukuma, kirkin maƙwabta ba zai sauke mata shi ba. Malamai da ma'aikatan lafiya za su ci gaba da gudun waɗannan garuruwa muddin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa tana cin mutane, kuma yaran da aka bari ba malami su ne za a rasa abin yi da su nan da shekara goma. Abin da ke hannun ɗan ƙaramin ma'aikaci irina kaɗan ne: ya san cewa siminti da fenti ba sa amsa kira, ya taka da ƙafarsa ya san mutanen da zai bar wa amanar iyalinsa duk safiya.

Bana an turo mana sabon malamin lissafi daga Gwadabawa, shi ma da amarya. Ya tambaye ni inda zai sami gida mai kyau. Na ce ya sa takalminsa bayan la'asar, mu fara gaida mai unguwa, daga nan mu shiga ƙirga. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa.