Sunayen da Kakanninmu Suke Tsorata Mu da Su



A makon jiya muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i, sai wani ɗanmu ɗan shekara tara ya zo da wayar yayansa yana nuna mana katun. Ya ce, "Baba, wannan shi ne Kappa, aljanin ruwa na Japan." Ya lissafo mana Oni mai ƙaho da kulki, da Tengu mai dogon hanci da ke zaune a duwatsu, da Kitsune, dilar da ke rikiɗa ta koma mace. Muka tambaye shi ko ya san Doguwa. Ya yi shiru, can ya ce ko sunan gari ne. Muka yi dariya, amma da muka watse abin ya tsaya mana a rai.

Mu da muka tashi a Jakusko, da 'yan uwanmu na Gashua da Nguru, ruwa ne ya rene mu. Fadamun Hadejia da Nguru da kogin Yobe su suka ba mu kifi da shinkafa, su ne kuma suka sha cinye mana yara. Shi ya sa kakanninmu suka cika bakin kogi da sunaye. An ce mana akwai 'yan ruwa a gurbi mai zurfi, masu jan ƙafar yaron da ya shiga wanka da tsakar rana. An ce Doguwa na zaune a tsamiya da kuka, kada a wuce ƙarƙashinsu da almuru. An ce kada a shiga cikin guguwa, kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Ga fatalwa a hanyar maƙabarta, ga Dodo a tatsuniya yana haɗiye gari guda, sai Auta ya zo ya yi masa dabara.

Da muka girma muka gane cewa yawancin sunayen nan shinge ne. Gurbin da aka ce na 'yan ruwa ne, nan ruwa ke juyawa. Gindin kukar da aka hana mu da magariba, nan maciji ke kwana. Tsohuwa ba ta da allon gargaɗi, sai ta ba haɗarin suna, sunan kuma ya zauna a kan yaro fiye da bulala.

Abin mamaki, Kappan da yaron nan ya nuna mana aikinsa ke nan a Japan. Suna siffanta shi da ƙoƙon kunkuru a baya da ɗan rami a tsakar ka mai riƙe ruwa, wai yana jan yara da dawakai cikin kogi. Wai idan ka rusuna masa shi ma sai ya rusuna, ruwan kansa ya zube, ƙarfinsa ya ƙare. Har yau ana zana hotonsa a allunan da ke hana yara wanka a tafki. Wato shi ma Dodo ne da ake kayarwa da wayo.

Bambancinmu da su shi ne rubutu. A 1776 mai zane Toriyama Sekien ya fitar da littafin hotunan waɗannan halittu da suke kira yokai, kowanne da sunansa. A 1910 Yanagita Kunio ya buga labaran da aka ji daga bakin mutanen ƙauyukan Tono. Daga baya Mizuki Shigeru ya mai da su littattafan zane, har garinsu Sakaiminato ya buɗe titi da sunansa a 1993, baƙi na zuwa kallo. Ta wannan hanya Kappa ya taso daga ƙauyen Japan ya iso wayar yaro a Jakusko.

Mu ma an rubuta namu, sai dai kaɗan. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya bar wa makarantu Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma abin da tsofaffin Gogaram, tsohon birnin Bade, ke faɗa game da kogi, da abin da masunta ke faɗa da Badanci da Manganci da Fulatanci, mafi yawansa yana bakin mutanen da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Mun san wani zai ce wannan camfi ne, me ya kai mu? Gaskiya ne, aljanu halittar Allah ne, Alƙur'ani ya ambace su, kuma neman taimakonsu ko yi musu yanka shirka ne, ba ma kiran kowa ga bori. Amma rubuta sunan Sarkin Rafi ko Inna domin jikokinmu su san abin da aka bari da dalilin barinsa tarihi ne. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa ba ta taɓa hana kowa salla ba.

Kuma akwai rai a cikin maganar. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin nan ya san ruwa bai daina zuwa ba. Abin da ya ragu shi ne tsohuwar da ke zaunar da yara da dare ta gaya musu gurbin da ba a shiga.

Don haka ga roƙonmu. Duk mai kaka ko tsoho a gida, ya zauna da su da wayarsa ya naɗi tatsuniya ɗaya kafin damina. Ya tambayi sunan, da wurin da aka ce abin yake zaune, da abin da ake hana yara saboda shi, da harshen da aka faɗa. Ya turo wa ƙungiya, mu haɗa su wuri guda mu rubuta.

Shi kuwa ɗan namu, daren jiya mun kai shi wurin kakarsa. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Bai san amsar ba, sai da ta koya masa. Allah Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, Ya tsare mana yaranmu.