Ɗanɗano Ma Karatu Ne

Masu iya magana kan ce, a bakin mai ita ake jin daɗinta. Mu dai barasa ba abin shanmu ba ce, amma shekarun da muka yi muna gyaran insha'in ɗalibai sun sa muna kasa kunne ga duk mai sana'ar da ya iya bayyana abin da harshensa ya ji. Yaro zai rubuta shafi biyu a kan walima, tuwo "da daɗi", nama "da daɗi", lemo ma "da daɗi". Wannan ne ya ja hankalinmu ga masu haɗa wuskin Amurka da na Ailan, waɗanda ba su yarda da wannan gajeriyar amsa ba.

Kafin su yaba haɗin, sai sun san kowane ɓangare shi kaɗai. Wuskin Amurka da ake kira Bourbon, doka ta ce masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa, a kuma ajiye shi cikin sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Daga wannan babbakar yake samo launi da ƙamshin banila da na toyayyen sukari. Na Ailan kuwa dole ya shekara uku a ganga a tsibirin. Galibi sau uku ake tace shi ta hanyar tururi, shi ya sa ake ce masa mai laushi. Wani nau'insa ana gauraya tsiron sha'ir ne da ɗanyensa, al'adar da harajin tsiro na 1785 ya ƙarfafa.

Abin sha'awa, dangantakar ta girmi kwalbar. Tunda Bourbon ba ya komawa tsohuwar ganga, sai a sayar da gangunan ga Ailan, inda ake zuba nasu wuskin a ciki. Akwai kuma tsohon ciwo: haramcin barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933 na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar Ailan, har manyan kamfanoni uku suka haɗe a 1966 don su tsira. A 2021 aka fito da Keeper's Heart a birnin Minneapolis, ƙarƙashin Brian Nation, wanda a da shi ne babban gwani a matatar Midleton ta Ailan. Ya haɗa na Ailan iri biyu da na Amurka da ake yi da wani hatsi dangin alkama mai ɗan yaji.

To, yaya suke ɗanɗanawa? Hanci ne kan gaba. Sukan sirka da ruwa don zafin ya kwanta, su shinshina, sannan su lura da abin da ya fara zuwa harshe, da abin da ya biyo baya, da abin da ya saura bayan an haɗiye. Haɗin da ya yi kyau a wurinsu shi ne wanda yajin bai danne laushin ba, laushin kuma bai kashe yajin ba.

'Yan uwa marubuta, ba kwalba muke tallata muku ba. Haƙurin nan muke kwaɗayi. Gobe in tauraron labarinku ya zauna gaban mai shayi ko mai kilishi, ku tsaya ku tambayi kanku me ya fara ji, citta ko kanumfari, me kuma ya saura a maƙogwaronsa, kafin alƙalami ya rubuta "da daɗi".