Ko Ya Kamata Mutumin Zango Ya Sa Baki Cikin Sha'anin Mulki?

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili mu yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damunmu, mu malaman makarantun allo na nan Kumasi. Al'amarin kuwa shi ne, in mutumin Zango ya ga abin da bai gamshe shi ba cikin sha'anin masu mulki, shin ya faɗa ko ya kame bakinsa? In kuwa zai faɗa, ta wace hanya?

Dalilin da ya sa abin ya dame mu, mu ne a tsakiya. Dattawa su ke kawo mana jikokinsu da safe, samarin da ke zaman shan ataya da dare kuwa jiya-jiya su ka bar gabanmu da allunansu. Saboda haka muna jin bakin kowa. Dattawa su kan ce baki shi ke yanka wuya, wanda kakansa ya zo fatauci ba ruwansa da rigimar masu ƙasa. Samari kuwa su kan ce an daɗe ana raina Zango, ba a tunawa da mu sai lokacin ƙuri'a, don haka ba abin da manya ke ji sai ihu da tare hanya. Mun auna maganganun nan biyu, mun ga kowace da gaskiyarta, amma ba wadda ta isa mutum ya riƙe ta ita kaɗai.

Tsoron dattawa yana da asali, kada yaro ya yi musu dariya. A 1954 ƙungiyar Musulmi ta Gwalkwas ta zama jam'iyyar siyasa, wadda a ke kira MAP, ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Tonawa, su ka yi hamayya da CPP ta Kwame Nkrumah. Aka sami mulkin kai ran 6 ga Maris, 1957. Ba a yi wata shida ba sai Gwamnati ta ba da odar korar manyan Zangon Kumasi biyu, watau Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan. Su ka kai ƙara kotu, su ka ce su 'yan ƙasa ne. Shari'a ba ta ƙare ba, Majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka ɗauke su cikin watan Agusta aka kai Nijeriya. Ƙarshen wannan shekara kuma aka yi dokar hana kafa jam'iyya a kan addini ko kabila ko yanki. Rigimar jam'iyyu ta riga ta shiga sarautar Zango da sha'anin masallaci, ta raba gidaje. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin ubansa, ba a ga laifinsa ba in ya ce wa ɗansa ya yi nesa da siyasa.

To, amma sai mu tambayi iyayenmu cikin ladabi, shin shirun ya tsirar da masu yinsa? Ran 18 ga Nuwamba, 1969, Gwamnatin Busia ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita daga ƙasar cikin kwana 14. Fiye da mutum 100,000 su ka fita. Aka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, aka cika tashoshin mota da mata da yara. Cikin waɗanda su ka tafi akwai waɗanda aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba, ba su kuma taɓa halartar taron wata jam'iyya ba. Ran nan ba a tambayi kowa ko ya taɓa zagin Gwamnati ba, takarda kaɗai aka tambaya. Tun kafin wannan ma, a 1892, da 'ya'yan sarautar Kpembe su ka yi yaƙi a kan gadon sarauta, kasuwar Salaga ce ta watse, fatake su ka bazu zuwa Karaci da sauran garuruwa. Ashe ke nan sha'anin mulki ya kan iske mutum har cikin rumfarsa, ko ya neme shi ko bai neme shi ba.

Abin da mu ka fahimta daga waɗannan labaru shi ne, abu biyu su ka cuci mutanenmu. Na ɗaya, ɗaura Zango duka a wuyan jam'iyya guda, ta yadda in ta faɗi a faɗi da mu. Na biyu, zama ba takarda, ba wakili, ba sanin doka. Faɗin gaskiya ga mai mulki da ladabi ba ya cikin waɗannan biyu. Malamanmu na da sun yi shi. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani game da zuwan Turawa da watsewar Salaga, da Larabci da ajami, har yanzu kuwa ana ambatonsa da alheri.

Yanzu zamani ya sake. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 ikon jefa ƙuri'a, ya kuma ce yaron da aka haifa bayan kafa shi ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Musulmi biyu sun riƙe muƙamin Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Aliu Mahama daga 2001 zuwa 2009, da Dokta Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa farkon 2025. Saboda haka wanda kakansa ya kafa gida a Aboabo ko Asawase ko Nima, har yau yana kiran kansa baƙo, shi ya ba da haƙƙinsa kyauta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In mu da mu ke kwana kusa da kwatar da ta toshe ba mu faɗa ba, wa zai faɗa mana?

Ga shawarwarinmu game da yadda za a yi maganar.

Na farko, a fara da takarda. Kowane jariri a yi masa takardar haihuwa kafin a manta da ragon suna. Kowane baligi ya mallaki katin ƙasa da katin zaɓe, ya lura sunansa ya zo iri ɗaya a cikinsu, gama bambancin harafi guda tsakanin Usman da Osman ya isa ya jawo wa mutum wahala a ofis. 'Yan'uwanmu da su ka zo daga Nijar ko Nijeriya ko Burkina ba su zama 'yan ƙasa ba, su sabunta takardun zamansu, kada kuma wani ɗan siyasa ya ruɗe su su shiga layin rajistar zaɓe, gama doka ta hana, in kuwa asiri ya tonu Zango duka za a shafa wa baƙin jini. Amma tun da suna biyan kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, suna da bakin magana a kan shara da ruwa da tsaro ta hannun sarakunansu da shugabannin kasuwa.

Na biyu, a san ƙofar da za a buga. Yawancin abin da ke damunmu kullum, watau kwata da famfo da fitilar titi da kuɗin rumfa, ba a fadar Shugaban Ƙasa a ke yanke shi ba, a majalisar gari ne. Ita ke tsayar da kuɗin kasuwa kowace shekara, kuma tsarin mulki ya ce a ware wa majalisun gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba. Wakilin unguwa, wanda mu ke kira asambuliman, ana zaɓensa duk shekara 4, ba kuwa da tutar jam'iyya ba. Abin mamaki, ranar zaɓen Shugaban Ƙasa mu kan yi sammako tun asuba, ranar zaɓen wannan da ke zaune bayan gidanmu kuwa sai kaɗan ke fita. Sa'an nan in damina ta zo ruwa ya shiga ɗaki, mu zauna muna zagin mutumin Ankara wanda bai san sunan layinmu ba.

Na uku, a rubuta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa, kuma wadda aka yi a bakin rumfa iska ke kwashe ta. Koke kuwa in an rubuta shi, aka sa kwanan wata, mutum 50 su ka sa hannu, aka kai ofis aka buga wa kwafinsa hatimi aka dawo da shi, ya zama shaida. A faɗi abu guda, a faɗi wurin, a faɗi abin da a ke so a yi. Dattijon da ya iya ajami kaɗai ya rubuta da ajaminsa, jikansa ya juya masa da boko. In har ta kai ga fita zanga-zanga, dokar 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce kwana 5 kafin ranar. Bin wannan ba ragonci ba ne, shi ke hana a sami hanyar juya maganar a kanmu.

Na huɗu, a soki aiki, a bar mutuncin mutum. Ka ce hanyar nan an yi alkawarinta shekara kaza ba a yi ba, wannan gyara ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Amma ka zagi uwar mutum ko kabilarsa, ko ka tura wa jama'a labari ta waya ba ka tabbatar da shi ba, wannan giba ce da ƙazafi, hukuncinsu bai sake ba don an shiga lokacin zaɓe. Mu kan tuna wa almajiranmu cewa Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, an umurce su da tausasa harshe ga Fir'auna kansa. To, wane ne cikinmu ya kai Musa, wane ne kuma cikin masu mulkinmu ya kai Fir'auna?

Na biyar, a bar jam'iyya a ƙofar masallaci tare da takalma. Liman ya yi wa'azi a kan adalci da amana da cin hanci, wannan aikinsa ne. Amma ran da ya ɗaga tutar wani a kan mumbari, rabin sahu ya tafi. Haka nan kasuwa. Kada mai gida ya hana baƙonsa masauki, ko dillali ya hana abokin cinikinsa bashi, don sun saɓa a kan ƙuri'a. A zaɓen Disamba 2024 Dokta Bawumia ya kira John Mahama ya yi masa barka tun hukumar zaɓe ba ta faɗi sakamako ba. In masu takarar kansu sun gaisa, don me wa da ƙane za su ƙaurace wa juna a wurin suna da jana'iza?

Na shida, kada mu ba da 'ya'yanmu haya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Yaron da aka ba 'yan sidi da babur don ya tsare akwati ko ya tarwatsa taron wasu, ran da aka kama shi ba ya ganin wanda ya aike shi. Tun 2019, bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, an yi doka mai tsanani a kan 'yan bangar jam'iyyu, mai ɗaurin shekaru masu yawa. Uba ya tambayi ɗansa inda ya samo babur.

Kada a ce wannan hanya ba ta haifar da kome. Cikin watan Yuli 2018 'yan sanda su ka harbe mutanen Asawase 7 a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Zango ya ɗauki zafi, samari su ka fito kan titi. Amma sarakuna da limamai da wakilai su ka tsaya a kan magana ɗaya, a yi bincike. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai sami shaidar cewa mamatan 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, aka biya iyalin kowane mamaci sidi 250,000. Kuɗi ba ya mayar da rai, amma an wanke sunayensu, 'ya'yansu ba za su tashi da tambarin 'ya'yan ɓarayi ba. Da an yi shiru da ba a sami wannan ba. Da kuma an bar fushi ya kai ga ƙona ofisoshi, da labarin ƙonawar ya binne labarin mamatan.

Muna kuma da abin koyi ga Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin ƙasa a 1993. A 2019, yana da shekara 100, ya taka har cocin Katolika a Ankara ya gaisa da maƙwabta. Shugabannin kowace jam'iyya sun zo gabansa sun durƙusa, don ba su iya cewa na wane ne ba.

Mu malamai namu aikin shi ne mu koya wa yaro faɗin gaskiya ba tare da rashin kunya ba, mu kuma ƙarfafa shi ya haɗa allo da boko, don gobe ya karanta dokar da za a yi masa hukunci da ita. Muna roƙon iyayenmu dattawa su riƙa ba samari labarin 1957 da 1969 filla-filla, sa'an nan in za a kai koke su shige gaba, gama samari suna da ƙafa, dattawa ke da fuskar da a ke jin kunya. Muna kuma roƙon ƙungiya ta sa rana guda kowane wata uku a kira wakilin unguwa ya zo ya zauna da jama'a, a tambaye shi, a rubuta amsarsa a ajiye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya ta hanyar da za su ji, amin. Haza wassalam.