Ganyen da na ɗauko daga Nairobi

Wata rana ƴata ta fari ta dawo daga lakwal, na buɗe kwanon da na zuba mata abinci da safe, na tarar ko taɓa shi ba ta yi ba. Kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli da albasa, irin wanda take cinyewa tas in muna gida. Na ce, "Ke, lafiya? Cikinki ke ciwo?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, don Allah ki daina sa mini ganye. Dariya suke yi mini, wai abincin waɗanda hatsinsu ya ƙare ne." Shekararta 11 a lokacin. Na yi mata faɗa sosai, na ce wasu na neman irinsa ba su samu ba. Amma da dare, da na kwanta, sai na tambayi kaina: yaushe rabon da in yi baƙo in ajiye masa kwaɗo a gabansa? Shinkafa nake dafawa ko taliya, ko da sai na ci bashi. Ashe ba a lakwal kaɗai yarinyar ta koyi wannan kunya ba.

Ni malamar Ingilishi ce a wata kwaleji a nan Maraɗi. Ƴan watanni bayan wannan magana, Allah ya sa aka tura ni wani horon malamai na kwana 10 a Nairobi, babban birnin Kenya. Tun ranar farko na lura da wani koren ganye da ba ya rabuwa da teburin abinci, rana da dare, a gefen tuwon masararsu da suke kira ugali. Wata malama ƴar ƙasar da muka saba ta gayyace ni gidanta, na ce to, amma da sharaɗin zan shiga madafa in ga yadda ake yinsa.

Ganye ne mai faɗi kamar tafin hannu biyu, da ƙashi mai kauri a tsakiya. Ta wanke shi tun yana ɗungurungum, ta cire ƙashin, ta jera ganyen kan juna, ta naɗe kamar tabarma, ta yanka siri-siri. Ta soya albasa a ɗan mai, ta zuba tumatir biyu, ta sa gishiri, sannan ta juye ganyen tana juyawa. Ko ruwa ba ta zuba ba. Kafin in gama ba ta labarin ƴaƴana ta sauke tukunya, bai fi minti bakwai a wuta ba. Ganyen na nan kore shar, yana ɗan ƙaras-ƙaras a baki.

Na tambaye ta sunansa. Ta ce da Ingilishi kel suke ce masa, amma da Swahili sunansa sukuma wiki, wato "tura mako". Ta yi dariya ta ce shi ne ke tura iyali har ƙarshen sati in kuɗi sun ƙare, kuma ba malamin makarantar da bai san darajarsa ba in wata ya yi nisa. Ni ma na yi dariya, don na sha ganin kel a Facebook, ana nuna masu hali a Amurka suna niƙa shi suna sha, ana zuzuta shi kamar magani. Ashe a wani wurin shi ne rufin asirin talaka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaranta. Suka zauna suka cinye, ba mai ɓata fuska. Ganyen da ta dafa mini a matsayina na baƙuwa, shi ne na otal ɗinmu, shi ne kuma na mai tura baro a bakin kasuwa.

Da zan dawo na sayi ƙullin irinsa a shagon kayan noma. Na bincika na gane cewa ɗan'uwan shu ne, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa kabeji. Asalinsu ɗaya, sai dai shi ba ya dunƙulewa. Tsayi yake yi, ana tsinke ganyen ƙasa, na sama na ci gaba da fitowa. Sanyi yake so. Nairobi tana kan tudu, kusan mita 1,800 sama da teku, shi ya sa suke samunsa duk shekara. A arewacin Jamus ma abincin hunturu ne. Don haka na jira har Nuwamba, lokacin da masu garake ke shuka shu da salati, na yafa shi a tsohon kwano. Bayan sati huɗu na dasa a buhunan da na cika da ƙasa da taki a bayan ɗaki. Tsutsa ta so ta fi ni rabo, sai wani mai garka ya ce in jiƙa dakakkun ƴaƴan dogon yaro in riƙa yayyafawa. Cikin Janairu muka fara tsinka.

Girkin farko ba ni na yi ba. Ina wajen aiki surukata, wadda muke kira Inna, ta ga ganye ya yi kyau, ta tsinke ta yi masa irin yadda ta saba yi wa rama: ta tafasa shi da kanwa har ya yi luguf, ta matse, ta zubar da ruwan. Da na shigo, wari ya cika gida, irin na shu in ya daɗe a wuta. Ta ce, "Ƴar nan, wannan abin kika hau jirgi kika ɗauko? Ai tafasa ta fi shi mutunci." Ba wanda ya ci, har ita.

Bayan sati na yi shi yadda na gani a Nairobi, na ƙara ɗan tattasai, muka ci da tuwon masara. Yara suka cinye har da suɗe kwano. Washegari ƴar tawa da kanta ta ce in zuba mata ta tafi da shi lakwal. Ta dawo tana murna, wai ta gaya wa ƙawayenta ganyen ƙasar waje ne mamanta ta zo da shi a jirgi, kowa na roƙon ta ɗanɗana masa. Ya kamata in yi farin ciki, amma sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Yaran da suka yi wa zogale dariya su ne ke miƙa hannu ga zogalen wasu.

Na kai wa Inna ƙorafi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke kin manta 2005? Ni ban manta ba." A shekarar nan, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona, jihar Maraɗi na cikin wuraren da yunwa ta fi tsananta, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. A ƙauyensu, in ji ta, anza suka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, suna haɗawa da jiga da duk ganyen da ido ya gani. Ta ce, "Wanda ya ci ganye don dole, in ya samu shinkafa ba ya waiwaye. Iyayen yaran nan ba raini suke yi ba, gudun tuna baya suke." Daga ranar na daina jin haushin ƙawayen ƴata. Sai dai yunwar ta wuce ta bar mana kunya, kuma yaranmu ke biyan kuɗin kunyar da jikinsu. Duk malamin da ke tsayawa gaban allo ya san yaron da ke cika ciki da fanke da taliya tsura, idonsa fari fat, yana gyangyaɗi tun ƙarfe goma.

Kel ɗina bai yi tsawon rai ba. Zafin Maris na shigowa ganyen ya yi tauri da ɗaci, ƙananan ƙwari suka manne masa, kafin tsakiyar Afrilu buhunan sun zama kara. A lokacin kuwa zogalen Jiratawa na shigowa kasuwa buhu-buhu, bai san ana wani zafi ba. Sai na ce bari in gwada girkin can da ganyen nan. Alayyafo ya karɓa nan take, ya ma fi kel saurin nuna. Zogale sai an zaɓi sabon toho, a yayyafa ɗan ruwa, a rufe tukunya ya ɗan jima. Rama kuwa Inna ce da gaskiya, in ba a tafasa an zubar da ruwan farko ba, ba ta ciwuwa. Kowane ganye da halinsa, kuma tsofaffinmu ba a banza suke abin da suke yi ba.

Duk da haka akwai abin da na canza, kuma shi nake so iyaye su gwada. Na rage kanwa, don ko da take tausasa ganye, tana lalata bitamin C da ke cikinsa. Na rage yawan ruwa da daɗewa a wuta, don wani amfanin yana bin ruwan da muke zubarwa. Ba na hana ganye ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, don sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukar abin da yake mayarwa bitamin A, mai kare ido. Ina matsa lemun tsami a kan kwaɗo, don yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai gina jini, kuma na hana yara shan shayi nan take bayan cin abinci, don shi rage ɗaukar yake yi.

Ran nan na zaunar da ƴata na gaya mata ma'anar sunan ganyen da ta yi alfahari da shi. Ta zaro ido ta ce, "Mama, kenan su ma na ƙarshen wata ne?" Na ce ƙwarai, bambancin kawai su ba sa ɓoye shi in baƙo ya zo. Ba ta ce komai ba. Ba zan ce ta canza gaba ɗaya ba. Wata rana ta ɗauki kwaɗon, wata rana ta ce in ba ta dala ashirin ta sayi fanke. Ni ce dai na daina ɓoyewa. Ranar da malaman sashenmu suka zo mini barka da salla, dambun zogale na ajiye musu a babban faranti, a tsakiyar tabarma, ƴata na kallo. Na kuma fara cin nawa kwaɗon a fili lokacin hutun safe, inda ɗalibai za su gani, don na san abin da malami ya ci a gabansu ya fi abin da ya rubuta a allo shiga kansu.

Sauran irin kel na nan cikin kwalba, in sanyi ya dawo zan sake shukawa, don yara na sonsa kuma ba laifinsa. A gefen buhunan kuwa na shuka zogale uku a jikin katanga. Inna ce ke ba su ruwan wankin hatsi kowace safiya, har sun fi ƴar tawa tsawo.