Taragun Wasa Na Alminiyam Da Hannun Mai Gyara

 Yau zancen jirgin ƙasa na zo muku da shi, amma ƙanƙane, irin wanda ake shimfiɗa wa layin dogo bisa tebur, a jona masa lantarki ya yi ta zagayawa. Na san wata za ta ce, ina ruwan uwargida da wasan yara? To, ki yi haƙuri ki karanta, gama taragun nan da tukunyar da ke bisa murhunki ƙarfensu ɗaya ne, watau alminiyam, wanda waɗansu ke kira sanholo. Abin da ke ɓata wannan shi ke ɓata waccan.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1934 aka fito da waɗansu sababbin jiragen fasinja a can, masu sulɓi da walƙiya, ba irin baƙaƙen nan masu hayaƙi ba. Kamfanin Union Pacific ya sa aka ƙera masa nasa da alminiyam. Kamfanin Burlington kuwa nasa, mai suna Zephyr, da ƙarfen nan da ba ya tsatsa aka yi shi, ya kuma taso daga Denver ya isa Chicago, mil 1,015, cikin awa 13 da minti 5. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai masu ƙera kayan wasa suka shiga kwaikwayon taragun nan da alminiyam, domin yana da sauƙin sarrafawa, ga shi da haske kamar na gaske. Kamfanin Lionel ya fito da nasa manya a 1952, an buga hoton inuwar fasinjoji a tagoginsu, an raɗa wa kowane tarago suna mai farawa da kalmar azurfa. Wani kamfani kuma a garin Herkimer na jihar New York ya yi ƙanana waɗanda ake kira OK Streamliners, ana sayar da su a warwatse cikin kwali, wanda ya saya shi zai zauna ya harhaɗa abinsa.

Ƙananan nan su ne nake magana a kai. Ma'auninsu ana ce masa HO, watau an rage kowane abu sau 87. Tarago na gaske mai tsawon ƙafa 85 sai ya komo bai cika inci 12 ba, tsakanin ƙarafan dogonsa kuwa milimita 16.5 ne kacal. Yadda ake yin gangar jikinsu ba zai yi muku wuyar ganewa ba, ku da kuka san injin taliya. Ana zafafa alminiyam ya yi laushi, a matsa shi ta cikin wani rami mai siffar tarago, ya fito dogo, da kunya-kunya a jikinsa kamar kwanon rufi. Sa'an nan a yanyanka, a huda tagogi. Goshi da ƙeya da ƙafafu dabam ake yinsu, a ɗaura da ƙusoshi masu zare.

Ni dai na san su ne sa'ad da na je wa ɗiyata wankan jego a wani ƙaramin gari na jihar New York. Maƙwabciyarta tsohuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata kwali cike da taragun nan, waɗansu ya haɗa, waɗansu ko buɗe takardarsu bai yi ba. Sun daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, damshi ya taɓa su, sun yi toka-toka. Tana so ta gyara su ta bar wa jikokinta. Da yamma in jariri ya yi barci sai in leƙa, mu zauna ita da sukudireba ni da tsumma, har hannuna ya saba.

Abu na fari da ta koya mini shi ne kada a gaggauta. Kafin a kwance ƙusa ko guda, a ɗauki hoton taragon ta kowane gefe, a nemi 'yan kwanoni a riƙa zuba ƙusoshin kowane wuri dabam, gama ƙanana ne kamar ƙwayar gero, in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai wani ikon Allah.

Sa'an nan wanki, a nan kuwa nake so ku kasa kunne. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata wadda ke kare abin da ke ciki, ita ce ke sa ya dushe in ya daɗe. Babban maƙiyinsa shi ne duk abin da ke da kaifin kanwa: ruwan toka, kanwa kanta, soda mai ƙuna, da garin wanki mai ƙarfi. Waɗannan suna cinye fatar nan su shiga cin ƙarfen. Ba ku lura ba, in kuka dafa abu da kanwa a tukunyar alminiyam sai cikinta ya yi baƙi? In kuka tafasa ruwan tsamiya ko lemun tsami a ciki kuma sai ta washe? To, dalilin ke nan. Saboda haka taragon ana wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi da tsohon buroshin haƙori, a bi kunyoyin a tsawonsu, kada a gicciye su. A ɗauraye, a shanya ya bushe sarai.

Soson ƙarfe kuwa haramun ne a wannan aiki. Yana karce jiki, yana kuma barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a cikin kunyoyin, in damshi ya zo ɓurɓushin ya yi tsatsa, sai ki ga ɗigo-ɗigo ja a jikin abin da bai san tsatsa ba. In za a sa man goge ƙarfe, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, gama waɗansu taragun an yi musu siririn rufi a masana'anta, in man ya cinye shi a wani wuri ya bar wani, sai jikin ya zama dabbare-dabbare. Tsumman zai yi baƙi ƙirin. Na ɗauka datti ne ke fita, tsohuwar ta ce a'a, naman ƙarfen ne. Duk gugar da kika yi kina rage shi ne, ba kuwa zai tsiro ba.

Ta nuna mini guda ɗaya da wani ɗan'uwan mijinta ya taɓa ɗauka wai zai taimaka. Ya kara shi a injin guga. Yana ƙyalli kamar madubi, gaskiya, amma kunyoyin sun shafe a tsakiya, bakin tagogi ya zama gefe-gefe, sunan da ke jiki ya tafi. Garin neman gira an rasa ido. Masu tara irin kayan nan sun fi daraja tarago mai ɗan duhu wanda bai rasa kome ba a kan irin wannan.

Goshi da ƙafafu da yawa da tutiya aka zuba su. Akwai wata cuta da ke kama tsohuwar tutiya in an sami dalma ta gauraya da ita tun wajen narkawa: sai ta kumbura, ta tsattsage, ta ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ba ta da magani, sai a nemo wani a musanya. Robar tagogi in ta yi rawaya ta kanannaɗe sai a yanko sabuwa. Dalmar masu gyaran rediyo ba ta kama alminiyam da sauƙi, don haka da ƙusa ko gam mai ƙarfi ake ɗauri.

Daga nan ne masu wannan sha'awa suka rabu biyu. Waɗansu sun ce a mayar da tarago yadda ya fito daga kwali, kada a ƙara masa kome. Waɗansu sun ce jirgi don tafiya aka yi shi, a sa masa kayan zamani ya yi gudu da kyau. Kayan zamanin kuwa suna da amfani, ba na musu. Tsofaffin ƙwayayen lantarki suna zafi, suna narka robar taga. Ƙananan fitilun LED ba su da wannan zafi, ga kuma wani ɗan abu mai riƙe wuta da ake haɗa musu don kada haske ya riƙa ƙyaftawa in ƙafa ta taka datti. Ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago ana canza su da na kamfanin Kadee, masu buɗewa da maganaɗisu. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar nauyi: oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawo. Ke 'yar makaranta, lissafa mini na tarago mai inci 12. Oza 7 ke nan. In bai kai ba sai a liƙa masa ɗan ƙarfe a ciki don kada ya goce a kwana.

Akwai tarko guda. Alminiyam yana ɗaukar lantarki. Jirgin HO daga ƙarafan dogo biyu yake shan wuta, don haka kowace ƙafa an raba gefenta ɗaya da roba. In kika juya ƙafafun gaba suka saɓa wa na baya, wutar sai ta bi ta jikin taragon ta haɗu, jirgi ya tsaya cik. Mun yi maraice guda muna neman abin da ya hana wani tsohon haɗi na mijinta tafiya, ashe ƙafa ɗaya ce ya sa a juye tun shekarun baya.

Ni ra'ayina yana tsakani, amma ya fi karkata wajen na farko. A ƙara duk abin da za a iya cirewa gobe: fitila, ƙugiya, kujeru, 'yan mutum-mutumin fasinja. Abin da ba ya komawa, kamar huda sabon rami a jiki, ko yanke tsawo, ko shafe suna, wannan a bar shi. Tsohon da aka cire kuma a ƙulle a leda a rubuta na wane tarago ne, a ajiye tare da shi. Jikan da zai gaji abin wataƙila ya fi son yadda kakansa ya san shi, ba daidai ba ne a yanke masa hukunci tun yana goye.

Abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai shi ne kayan ɗakin iyayenmu. Tasoshin jan ƙarfe da kwalla da fanteka da aka yi wa kakanninmu jere da su, ina suke yau? Da yawa an auna wa 'yan gwangwan a kilo. Waɗanda suka tsira kuma mun bi su da yashi da soson ƙarfe har zanen maƙeri ya shafe, muna cewa tsabta. Tsohuwar nan ba ta fi mu son miji ko iyaye ba, ta dai san inda hannu zai tsaya. In kina da ko tasa ɗaya ta kakarki, ki wanke ta da sabulu da tsumma, ki bar mata duhunta a cikin zanen, shi ke fito da shi.

Wajen ajiya kuma, ko tarago ne ko tasa, kada a naɗe da jarida, har da wannan da ke hannunki, gama takardar tana jan damshi, tawadar tana bari a jiki. A sa tsohon farin zane mai laushi wanda aka wanke ya bushe, a ɗora a bisa, nesa da bango mai jiƙa. Da damina a riƙa buɗewa ana dubawa, ko sau ɗaya a wata.