Daga Yelwa Zuwa Wara: Dutsen Cikin Ruwa Da Dunduniyar Inji

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a Yelwa, babban birnin ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi, ya ga yadda Kwara ta shimfiɗe kamar an buga tabarma, zai yi tsammanin babu hanyar da ta kai wannan lafiya a duk faɗin Nijeriya. Ba rami, ba gargada, ba ƙura. Amma matuƙa jiragen wurin sun san abin da baƙo bai sani ba, wato a ƙarƙashin wannan shimfiɗa akwai tsohuwar ƙasa kwance, da duwatsunta da kututturanta, kuma ba ta yi ƙaura ba.

Kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji, kogin da ke tsakanin Yawuri da Busa cike yake da tsibirai da duwatsu, ruwa na ratsa su da ƙarfi. A kan irin waɗannan duwatsu ne jirgin Baturen nan Mungo Park ya maƙale a Busa cikin 1806, nan kuwa ajalinsa ya same shi. An fara aikin madatsar cikin 1964, aka gama cikin 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. An tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu, Gungawa da Kambari da Busawa da sauransu, aka gina musu sababbi, tsohuwar Busa kuwa ta nutse. To, an tashi mutane, amma ba wanda ya tashi duwatsu.

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne ruwan ba ya tsayawa wuri guda. Sau biyu Kwara ke kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne na damina, mai laka, wanda kan iso wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu kuwa daga tsaunukan ƙasar Gini yake tasowa, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin hunturu. Daga nan sai tafkin ya shiga ja da baya har faɗuwar wata damina, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akan sami kusan mita 10. Saboda haka dutsen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a watan Janairu, shi ne zai tare shi a watan Yuni.

A irin wannan lokaci na janyewar ruwa ne na shiga wani jirgin katako daga Yelwa, za mu gangara kudu zuwa Wara ta ƙasar Ngaski. Mun kai mu talatin, ga buhunan albasa, ga kwandunan busasshen kifi, ga babur guda an kwantar a tsakiya. Matuƙin dattijo ne Basarke, yana zaune a baya riƙe da hannun injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, yaronsa kuwa na tsaye a goshin jirgi da doguwar gora yana duban ruwa.

Ga wanda bai taɓa lura ba, irin wannan inji a bayan jirgi ake rataye shi. Kansa na sama, doguwar ƙafarsa na cikin ruwa. A ƙarshen ƙafar akwai gidan giya, inda haƙoran ƙarfe ke juyawa cikin mai, su kuma su juya farfela. A ƙarƙashin gidan giyar akwai wani ɗan falle na gorar-ruwa mai kama da wutsiyar kifi, bai wuce tafin hannu ba. Bari mu kira shi dunduniyar inji, tun da yake shi ke fara taka ƙasa. Aikinsa biyu ne: yana riƙe jirgi ya tafi sak ba ya karkata, kuma yana tare wa farfela duka.

Mun yi tafiyar kamar awa biyu, muna wuce masunta da tarunansu da garken shanun da suka sauko kiwo inda ruwa ya janye, sai muka ji ƙwas! Jirgi ya girgiza, inji ya yi tsalle ya ɗaga ƙafa sama yana kururuwa, mata suka ɗauki salati. Kafin a ce kwabo dattijon ya kashe inji. Bai yi magana ba sai da ya sa yaronsa ya ɗaga katakan daɓe ya tabbata ruwa ba ya shigowa. Daga nan aka ɗauki filafili da gora aka tura jirgi zuwa wani yashi da ke kusa.

A nan na ga yadda gwani ke duba rauni. Ya kwantar da injin ya kulle, sai ga dunduniyar ta ɓalle kusan rabi, abin da ya rage kuma ya ɗan lanƙwashe. Bai tsaya kallon abin da ya ɓalle ba. Ya wanke wurin, ya bi da yatsa daga bakin karayar zuwa sama, yana neman ko tsaga ta hau jikin gidan giya. Ya cire giya, ya zare hular fulogi don kada inji ya tashi, ya juya farfela da hannu yana kallon sandar da take kai, ko za ta yi rawa. Ya duba fukafukan farfelar ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya miƙar da injin, ya ɗan sassauta dunƙulen ƙasa na man giya, ya tara tafin hannu. Mai ya ɗigo tsarkakakke, ba ruwa a gabansa, bai kuma koma fari kamar madara ba, babu kuma garin ƙarfe a ciki. Sai a lokacin ya ce, "Alhamdu lillahi."

Dalilin wannan bin diddigi kuwa shi ne, karayar dunduniya ita kaɗai ba ta hana tafiya. Abin tsoro shi ne dukan ya wuce ta. In sandar farfela ta lanƙwashe, za ta riƙa cin robar da ke hana ruwa shiga. In kuwa gidan giya ya tsage, ruwa zai gauraya da mai, haƙora su ci juna, inji ya cije a tsakiyar tafki. Jirgin da ya yi lodi, ba inji, ga iskar hadari ta taso da maraice, wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Ana cikin haka sai wani ɗan kasuwa mai albasa ya ƙosa, ya ce, "Baba, tun da mai lafiya lau ne, a taimaka a ba shi wuta mana. Motar da za ta kwashi kayana ba za ta jira ni ba."

Dattijo ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ɗazu da muka daki dutse, wannan ɗan ƙarfe ne ya karɓar mana. Yanzu ba shi. In muka sake dukan wani, farfela ce za ta karɓa, daga ita kuwa sai mu. Sannu ba ta hana zuwa."

Haka kuwa aka yi. Muka ci gaba da rabin gudu, muna bin inda ya san tsohuwar hanyar kogi take, yaro na soka gora yana nuna dama ko hagu. Jirgin ya riƙa jan gefe guda, dattijo na danne shi da ƙarfin damtse, lokaci lokaci yana waiwayen ɗan ruwan da inji ke fitsararwa don ya tabbata yana shan ruwan sanyaya kansa. Ya kuma bar makullin ƙafar injin a sake, domin in an sake karo ƙafar ta yi tsalle sama maimakon ta tsaya ta sha dukan duka. Ba mu isa Wara ba sai bayan la'asar sakaliya.

Kashegari na bi su wurin makaniken injin jirgi a bakin ruwa, inda na tarar gyaran dunduniya hawa uku ne. In ɗan gutsure ne, sai a goge bakin da zarto ya yi sumul, a shafa fenti, shi ke nan. In lanƙwasa ce, sai a ɗan ɗumama wurin, a tokare da katako, a riƙa bugu a hankali, domin gorar-ruwan da aka zuba a zubi ba ta da haƙuri, wanda ya sa mata guduma da ƙarfi sai ta tsage. In kuwa ta ɓalle kamar tamu, sai a yanko wani falle daidai da siffarta a yi walda. Amma ba waldar ƙofa da taga ba, ta gorar-ruwa daban ce, kuma ba kowane mai walda ya iya ta ba. Dole ne a tsiyaye mai, a kwance kayan ciki, don kada zafi ya ƙona robobin, a kuma riƙa yi ana hutawa don kada gidan ya murɗe. Bayan an gama a gwada ko yana yoyo, a zuba sabon mai daga ramin ƙasa har ya fito ta na sama.

Wani saurayi ya ba da shawara a ɗaura farin ƙarfe mai kauri da ƙusoshi, yadda ba zai sake karyewa ba har abada. Makaniken ya girgiza kai, ya ce ai don ta karye aka yi ta. In ta fi ƙarfin dutse, to dukan zai zarce zuwa gidan giya, wanda kuɗinsa ya ninka nata sau da yawa. Gara a rasa dunduniya da a rasa ƙafa.

Jama'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutanen bakin Kwara. A kusa da Warar nan ne jirgi ya nutse ranar 26 ga Mayu, 2021, aka nemi mutane fiye da 100 aka rasa, hukuma kuwa ta ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa, amma rigakafi ya fi magani. Ya kamata Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997, mai hedikwata a Lokoja, ta haɗa kai da sarakunan ruwa da tsofaffin matuƙa, a kafa alamu a kan duwatsu da kututturan da suka sani da ka, tun suna raye. Masu jirage kuma su san cewa lodi mai yawa yana danna ƙafar inji ƙasa, ya kai ta bakin dutsen da da za a wuce lafiya. Mu fasinja kuwa, mu sa rigar ruwa in an ba mu, in kuma matuƙi ya rage gudu kada mu tsananta masa, domin ya ga abin da ba mu gani ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye na baya, amin.