Fadikpe: Horon da 'yan kwana-kwana suka fi buƙata

Duk wanda ya ratsa Fadikpe a Minna zai ga gidajen haya manne da juna, janareta a ƙofa, tukunyar gas a kicin, ga lungunan da babbar mota ke shiga da ƙyar. Da hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa.

Don haka idan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Neja za ta tsara horo, a fara da sanin lunguna da wuraren ɗiban ruwa. Sai gobarar fetur, wadda ruwa ke ƙara bazawa. Fashewar tankar Dikko a Janairun 2025 ta isa darasi. Na uku, agajin ƙuna: ruwan famfo na minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki. Wannan kam, iyaye ma su koya.